Tayar da ta dace da fako: yadda muka daina karya farfela a bayan Yelwa

Asabar uku a jere ɗan ƙanwata yana dawowa shagona da ƙaramin jirginsa mai rimot a hammata, farfela a karye. A ta ukun ya ajiye shi a kan tebur, tsakanin fankoki da rediyoyin mutane da ke jiran gyara, ya zauna a benci ya yi shiru. Can ya ɗago ya ce, "Kawu, ina jin hannuna ne bai iya ba. Gara in haƙura." Maganar ta taɓa ni. Na san watannin da ya yi yana tara kuɗin batir da rimot daga ɗan abin da yake samu a ɗinki, kuma na ga yadda yake sarrafa jirgin duk lokacin da ya samu ya tashi. A sama lafiya lau yake. Ɓarnar duk a ƙasa take aukuwa, ko dai a mita 15 na farko, ko a mita 15 na ƙarshe.

Yaran da ke ƙera irin waɗannan ƙananan jirage masu rimot, nan Bauchi da maƙwabtanmu na Gombe, kusan kowa hankalinsa na kan inji da fiffike. Taya kuwa sai an gama komai ake tuna ta, a ɗaura duk wadda hannu ya kai gare ta. Mu ma haka muka yi, kuma sai da muka ci wata biyar, daga Nuwamba zuwa Maris, kafin muka fita daga wahalar da hakan ya jefa mu. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta lamarin daki-daki.

Jirgin da filin

Jirgin na koyo ne, mai fiffike a sama. Tsawon fiffiken mita 1.4, faɗinsa daga gaba zuwa baya santimita 24. Gangar jikin farin soso ne da siririn filawud. Da batir da komai, nauyinsa kilo 1.6. Batirin LiPo ne, wani irin batirin caji marar nauyi, mai gida uku, bolt 11.1, mAh 2200, yana juya injin lantarki da farfela mai inci 10. Rimot ɗin FlySky ne. Ƙafafunsa uku, ɗaya a hanci, biyu a ɗan bayan tsakiya, kowace da tayar soso mai tsayin santimita 6, nauyinta bai wuce giram 10 ba. Idan jirgin na tsaye, tsakanin bakin farfela da ƙasa santimita 3 ne kacal. Yaron ya bi wani zane ne da ya samo a intanet, kuma ya bi shi da kyau. Sai dai waɗanda suka yi zanen, su a kan kwalta suke tashi, ko a kan ciyawar da inji ke askewa duk mako.

Filinmu kuwa fako ne a bayan unguwar Yelwa ta Bauchi, gefen hanyar Dass. Mun zaɓi kudancin gari da gangan, domin filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Balewa yana Durum ne, can ɗaya ɓangaren, ga kuma sojojin sama a garin nan. Duk mai son shiga wannan harka ya sani cewa tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta ce jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, saboda haka ya fara da neman sanin matsayinsa kafin ya sayi ko noti ɗaya. Mun kuma je mun gaida mai unguwa, muka nuna masa jirgin ya juya shi a hannu ya ga babu kyamara. Ya ce, "Ku yi abinku, Allah ya taimaka. Amma ban yarda a haƙa ko a tare ba, hanyar shanu ce." Na ce, "Ranka ya daɗe, tsintsiya kaɗai za mu kawo."

Wannan sharaɗi shi ya hana mu hanya mafi sauƙi, wato mu baje filin mu daɓe shi. Daga nesa wurin shimfiɗe yake kamar tabarma. Sai ka durƙusa za ka ga gaskiyarsa. Jan marmara ne da tsakuwa a watse, ga sawun shanu da aka taka lokacin damina ya bushe ya zama ƙananan ramuka masu kaifin baki, ga tushen ciyawa da ya ƙandare, ga tsidau ko'ina. Yara na buga ƙwallo a wurin da yamma, shanu na ratsawa safe da maraice. Abin da ka share yau, gobe an mayar maka da shi.

Wani zai ce me ya hana a riƙa jefa jirgin da hannu kawai. Mun yi tunanin haka. Amma farfelarsa a hanci take, mai koyo kuma da rimot a hannu ɗaya, jirgi a ɗaya, yatsunsa na cikin haɗari. Kuma ko an jefa shi, dole ya sauka, marmara kuwa cinye cikin soso take yi kamar magagari.

Abin da muka fara zargi

Da farko inji muka tuhuma. Na rataya jirgin a sikelin rataye ta wutsiya, yaron ya ba shi totur har ƙarshe, allura ta tsaya a kilo 1.2. Ga jirgin koyo mai kilo 1.6 wannan ya isa har da saura. Muka duba cibiyar nauyi, wato inda jirgi ke daidaita idan ka ɗora fiffikensa a kan yatsu biyu. Tana santimita 7 daga bakin fiffike, kusa da kashi 30 cikin ɗari na faɗinsa, inda ya kamata. Sai na ce ya bar ni in kwanta a ƙasa gefen hanyar da jirgin ke bi, in ɗauki bidiyo da waya, mu kalla a hankali.

Bidiyon bai kai daƙiƙa biyar ba, amma shi ya buɗe mana ido. Jirgin ya taho, ya yi kamar mita 8, tayar hanci ta faɗa sawun saniya. Ƙarfen ƙafar ya lanƙwashe baya, hanci ya sunkuya, farfela ta sari ƙasa, jar ƙura ta tashi, wutsiya ta ɗago ta wuce kai. Duk cikin ƙiftawar ido. Babu abin da hannun yaron zai iya yi a wannan ɗan lokaci. Na nuna masa sau uku, na ce, "Ka gani, ɗana, tuntuɓe yake yi. Kai ba ka yi laifin komai ba."

Gwajin farko

Da muka ce taya ce, sai muka ce to a ƙara mata girma. Cikin Disamba ya samo tayoyin gefe na keken yara, irin waɗanda ake ɗaura wa mai koyon tuƙi, santimita 12, robar mai tauri, kowace wajen giram 150. Ya sa su a ƙafafun baya ya bar ta hanci yadda take, domin babu wurin da babba za ta shiga a bayan farfela.

Abin ya ƙara lalacewa, ta hanya uku a lokaci ɗaya. Baya ya ɗaga, hanci ya sunkuya, saboda haka fiffiken yana fuskantar iska da goshi a ƙasa; duk gudun da jirgin ya ƙara, iska danna shi take yi a kan 'yar tayar hancin nan. Farfela ta ƙara kusantar ƙasa. Nauyi kuma ya tashi zuwa kilo 1.9. Jirgi idan ya ƙara nauyi, gudun da yake buƙata kafin fiffike ya ɗauke shi yana ƙaruwa. A lissafi, daga 1.6 zuwa 1.9 ƙarin kusan kashi 9 cikin ɗari ne. Ƙarin gudu yana nufin ƙarin tafiya a ƙasa, ƙarin tafiya kuma ƙarin ramuka ne da tsakuwa. Robar mai tauri ba ta shanye komai, duk dutsen da ta taka sai ta miƙa wa gangar jirgin bugun kai tsaye. A gwaji na biyu katakon da ƙafafun ke ɗaure a kai ya ɓalle daga jikin soso. Ranar ce farfela ta biyar ta karye.

Sai da muka auna ƙasa

A nan ne na ce mu dakata da saye-saye. Wata safiya a Janairu, hunturu na kaɗawa daga arewa maso gabas, muka je filin ba jirgi, sai rula da wani miƙaƙƙen katako mai tsawon mita ɗaya da littafi. Muka zaɓi tsiri mai tsawon mita 30 da ke fuskantar iskar. Duk taku biyu mu kwantar da katakon, mu auna abin da ya tokare shi da ramin da ke ƙarƙashinsa. Yawancin tsakuwar tsakanin santimita 1 ne da 2. Sawun shanu zurfinsa 3 zuwa 4, faɗinsa kamar tafin hannu. Da yaron ya ɗauko tayarsa ta farko daga aljihu ya jefa ta a sawu guda, sai ta zauna a ciki daram, fiye da rabinta ya nutse. Ya daɗe yana kallonta.

Da dare na zauna na yi lissafin da ya kamata mu yi tun farko. Taya idan ta ci karo da dutse, dole ta hau shi, kuma ƙarfin turin da take buƙata ya danganta ne da tsayin dutsen idan aka gwada shi da tsayin tayar. Tayar santimita 6 a gaban dutsen santimita 1 tana buƙatar turin da ya ɗan fi nauyin da ke kanta. Tayar santimita 10 a gaban wannan dutsen, kashi uku cikin huɗu na nauyin ya ishe ta. Idan dutsen ya kai santimita 2, ƙaramar sai an tura ta da kusan ninki uku na nauyin da take ɗauke da shi, babbar kuwa ninki ɗaya da sulusi. Idan ya kai 3, wato rabin tsayin ƙaramar, ya zame mata bango. Duk turin duniya ba zai sa ta hau ba. Jirgi mai gudu yakan tsallake da ƙarfin tafiyarsa, gaskiya ne, amma ƙarfin da ya tsallake da shi daga gudunsa ake cire shi, kuma ƙafa da katako ne ke shan bugun.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. 'Yan garuwa sun san shi tuntuni. Shi ya sa kurar ruwa tayar babur ake sa mata, tana ɗauke da jarkoki goma ko fiye tana bin lungunan da ruwa ya zaizaye. Mu dai ba mu kawo shi kan jirginmu ba ne. Ƙa'idar da muka tsayar wa kanmu ita ce tsayin taya ya kai ninki biyar na tsakuwar da ta fi yawa a filin. Tamu santimita 2 ce, saboda haka taya 10 muke nema, amma marar nauyi, mai taushi. Sannan tayar hanci dole ta tafi gaba ɗaya.

Sauya tsarin ƙafa

Mun mayar da jirgin mai jan wutsiya: manyan ƙafafu biyu a gaba, wutsiya a ƙasa. Amfanin wannan tsari a mugun fili a bayyane yake. Hanci yana kallon sama, farfela ta yi nesa da tsakuwa, fiffike kuma tun yana tsaye ya riga ya ɗaga goshi ga iska, sai ya fara rage wa tayoyin nauyi da zarar an fara gudu. Manyan jiragen daji ma haka suke. Yaron ne ya nuna min bidiyon Piper Super Cub, jirgin Amurka da aka fara ƙerawa a 1949, yana sauka a kan duwatsun bakin kogi a Alaska da wasu manya-manyan tayoyi masu ɗan iska kaɗan, bai kai rabin wanda ake bai wa tayar mota ba.

Ƙafafun mun lanƙwasa su da ƙarfen waya mai tsauri, kauri milimita 4, irin wanda idan ya lanƙwashe yake komawa. Mun fara gwada falankin alminiyam na masu taga, muka bar shi, domin in ya tanƙware sau ɗaya a haka yake zama. Tazarar taya da taya santimita 35, rubu'in tsawon fiffike. Maimakon mu ɗaure ƙarfen da noti, sai muka danne shi a kan katakon ciki da zoben roba da muka yanka daga tsohon tif ɗin babur. In bugu ya yi yawa, robar ce ke miƙewa ko ta tsinke, katako ya tsira. A wutsiya ba mu sa taya ba, domin 'yar ƙarama za ta maƙale a kowane rami. Wayar ƙafar keke muka lanƙwasa kamar cokali tana jan ƙasa. Bakin farfela ya koma santimita 8 daga ƙasa ko da an ɗaga wutsiya jirgin ya miƙe.

Wurin da sandar taya za ta zauna shi ya fi ba mu aiki, kuma ina ganin ya fi girman tayar kanta muhimmanci. Na yi wa katakon tsagi uku domin mu riƙa matsar da ƙafafun. A tsagin baya, sandar tana santimita 3 kawai gaban cibiyar nauyi. Jirgin yana ɗaga wutsiya da wuri, yana tafiya miƙe, amma tsakuwa ɗaya ta isa ta kifar da shi, kamar mutumin da ya haɗe ƙafafu aka tura shi ta baya. A tsagin gaba, santimita 4 gaban bakin fiffike, ya daina kifewa kwata-kwata, sai wata cutar ta fito: nauyi ya taru a bayan tayoyi, wutsiya na neman wuce kai ta gefe, jirgin ya riƙa juyawa kamar mazari kafin ya tashi, a sauka kuma ya riƙa tsalle. Masu harkar sukan ce a ja layi daga cibiyar nauyi zuwa taya, ya karkata gaba da digiri 15 zuwa 20, wanda a irin jirginmu yake faɗawa daidai ƙarƙashin bakin fiffike. Mu a tsagin tsakiya muka tsaya, santimita 1 gaban bakin fiffiken, ɗan gaba kaɗan da abin da aka saba, saboda halin filinmu. Muka kuma ɗan karkato gaban tayoyin ciki, kaɗan ƙwarai, wanda ya taimaka masa tafiya miƙe.

Tayar iska

Waɗannan gwaje-gwaje dukkansu da tayoyin iska muka yi su, domin tun ƙarshen Disamba bidiyon Alaska ya sa yaron ya yi odar guda biyu daga waje, inci 4, kusan santimita 10, aka yi mako biyar kafin suka iso. Ba zan ɓoye ba, a Asabar ta farko sun burge ni. Suna haɗiye tsakuwa kamar ba ta nan. Aibinsu na farko a sauka ya bayyana. Iska a cikin roba kamar ƙwallo take, abin da ta karɓa shi take mayarwa. In jirgin ya ɗan dira da ƙarfi sai ya koma sama kamu ɗaya ko biyu, gudu ya riga ya ƙare, ya faɗo a karkace. Muka rage iskar, tsallen ya ragu.

A Asabar ta biyu ta hagu ta sace tun kafin a yi tashi na uku. Na zare ƙayar tsidau biyu daga jikinta. Muka kai wa wani dattijo mai faci a bakin titi, ya juya ta a tafin hannunsa ya matsa, ya ce, "Malam, tsidau da ke fasa tayar keke, wannan 'yar fatar ce za ta tsaya masa? Zan liƙe maka, amma jibi za ka dawo." Ya liƙe. Facin ya sa gefe ɗaya ya fi nauyi, tayar na rawa in tana juyawa. Mako na gaba ta dama ma ta sace. Tayoyin ba su da laifi, don filin da ba ƙaya aka yi su. Duk wanda zai tashi a fako ko jigawar ƙasar nan, inda tsidau da kashin yawo da ƙayar aduwa suke, ra'ayina ya manta da tayar da ake hura wa iska, komai kyanta.

Soson silifa

Dattijon nan ne ya ba mu hanya ba tare da ya sani ba. Muna tsaye ya ɗaga ƙafa ya zare ƙaya daga silifarsa ya yar, ya ci gaba da aikinsa. Yaron ya kalle ni, na kalle shi. Washegari ya je wajen wani mai takalmi a gefen kasuwar Wunti ya karɓo ragowar faifan soson da ake yanka silifa daga ciki, mai kaurin santimita 1.5.

Ga yadda muka yi kowace taya. Muka yanka da'ira biyu masu faɗin santimita 10, muka shafa musu gam ɗin masu takalmi, muka bari ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan muka haɗa muka danne da tsohuwar taransifoma har kwana. Kauri ya zama 3. A kowane gefe muka manna 'yar da'irar filawud mai santimita 4 domin tsakiyar ta yi ƙarfi. Bututun da sandar za ta bi na yanko shi daga eriyar tsohuwar rediyo, domin waɗannan gaɓoɓin tagulla ne, na zaɓi gaɓar da ƙarfen milimita 4 ke shiga ba matsi ba sako-sako. Ramin tsakiyar nan shi ne wurin taka-tsantsan. In ya kauce ko da milimita biyu ne, tayar za ta riƙa ɗingishi. Na zura noti a ciki, na ɗaura a bakin diril, tana juyawa yaron yana riƙe da samfefa har gefunan suka zagaye kamar cikin ƙwarya, baƙin gari ya rufe masa hannu har gwiwa. A ƙarshe muka huda ramuka shida kewaye, don rage nauyi da ƙara taushi. Sikeli ya nuna giram 42.

Abin da ya bambanta wannan soso da iska shi ne yadda yake komawa. Ka danna shi da babban yatsa, sai ya lotsa, ya taso a hankali. Bugun da ya karɓa ba ya mayar da shi duka, yana cinye wani. Ƙaya kuwa ta shiga ta zauna, a zare ta da yamma.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da suka cece mu daga baya. Abin da ke hana taya zamewa daga sanda, na ciro shi daga cikin kanektar wayar lantarki, ɗan tagullan nan mai sukuru biyu. Na goge gefen sandar da magagari ya yi fili domin sukurun ya samu wurin cizo, in ba haka ba girgiza na kwance shi. Na biyu, mun daina sa mai a bututun. Mai da ƙurar hunturu in sun haɗu sun zama samfefa, cikin mako biyu suka faɗaɗa mana bututu guda. Yanzu bakin fensir muke gogawa a sandar, a bushe.

Da muka cire ƙafar hanci muka ƙara waɗannan, nauyin jirgin ya tsaya a kilo 1.65. Cibiyar nauyi ta ɗan ja baya, muka matsar da batir gaba da santimita 1 ta dawo wurinta. Wannan dubawar wajibi ce duk lokacin da aka taɓa taya. Jirgin da nauyinsa ya koma baya ba ya jin linzami a sama.

Abin da ya biyo baya

Sai da yaron ya sake koyon tashi, domin mai jan wutsiya halinsa daban. Yana farawa da linzamin wutsiya a ja har ƙarshe, iskar farfela na danne wutsiyar a ƙasa. Totur a hankali, ba a fizge ba. In gudu ya kankama ya sassauta linzamin, wutsiya ta ɗago, ya ɗan taɓa dama domin juyin farfela na jan hanci hagu. A sauka kuma, da zarar tayoyi sun taɓa ƙasa ya ja linzamin ya riƙe. Ranar farko da ya tashi ya kewaya ya sauko, jirgin ya gangaro ya tsaya a gabansa a kan ƙafafunsa, bai yi ihu ba. Ya durƙusa ya shafa farfelar da yatsa daga wannan baki zuwa wancan, ya ce, "Kawu, ko ƙwarzane babu."

Daga farkon Maris zuwa saukar ruwan farko mun rubuta tashi 31 a littafi. Sau biyu ya kife, duka a sauka, duka a cikin sawun shanu mai zurfi da muka tsallake wajen shara. Farfela ɗaya ta karye. A sama manyan tayoyin suna tare iska, batirin da kan ba mu minti 9 ya koma ba da 8. Na yarda da wannan ciniki. Zafin bazara ma ya nuna kansa. Bauchi tana sama da mita 600 daga matakin teku, in rana ta take a Afrilu zafi ya doshi digiri 38, iskar takan yi sako-sako da kusan kashi 14 cikin ɗari idan aka gwada da ma'aunin da masu zanen jirage ke lissafi da shi. Tashin da ke cin mita 10 da sanyin safiya sai ya ci 13 ko 14 da azahar. Saboda haka muka mayar da fitarmu bayan sallar asuba da hantsi. Zafin kuma yana lotsa soson in jirgin ya daɗe tsaye a wuri ɗaya, musamman a cikin mota, shi ya sa a shago rataye shi muke yi.

Da damina ta faɗi, filin ya canza hali. Fakon ya yi laushi, ciyawa ta tsiro, ramuka shidan nan da muka yi alfahari da su suka cika da laka. Na auna taya ɗaya bayan tashi biyu, ta kai giram 70. Ciyawa kuma na naɗewa a sanda tsakanin taya da ƙafa har ta ƙi juyawa. Mun rufe wannan tazarar da washa, abin ya yi sauƙi. Yanzu muna yanka wasu biyun na damina, santimita 11, babu ramuka, kaurin faifai ɗaya da rabi don su ratsa ciyawa. Suna nan ƙarƙashin taransifomar a kan teburina, gam bai gama kamawa ba, Asabar mai zuwa za mu kai su filin.